Rasuwar Hajiya Murjanatu ta Cikin Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙarni, Malam Ilyasu tela na Sabon Gari, Maraɗi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar murjaninsa mai rai mai taushi, wanda unguwa ta sani da Hajiya Murjanatu.

Marigayiyar haifaffiyar teku ce. A mota ta zo daga Kwatano cikin jarka, ta zauna a akwatin gilashi mai ruwan gishiri a ɗakin Ilyasu. Maƙwabta sun daɗe suna gardama ko ciyawa ce ko dabba, har Ilyasu ya sa tabarau ya raba gardamar: dabba ce, ba ta da ƙashi ko ɗaya, kuma kowane ɗan bakinta yatsu takwas gare shi. Kamanninta na naman kaza ne, amma ba a faɗin haka gaban mai gida.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai dai bul-bul-bul na injin ruwanta. Sau da yawa Ilyasu ya sa reza ya yanki gefenta, ya ɗaure yankin jikin dutse da zaren ɗinki don ya kama ya girma, ba ta ce uffan ba. Ta haka ta haifi 'ya'yanta duka.

Ajalinta ya zo ranar da Inna Tsahara, mahaifiyar Ilyasu, ta zo ganin gida daga Tsibiri. Yana shago, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana ruwan, ta tofar.

"Wagga wace irin mugunta ce? Baƙuwa ta zamna cikin gishiri gidan ɗana? Mi ta yi muku?"

Tsohuwar nan, da ciwon bayanta, ta kwashe ruwan tas da ƙwarya, ta cika akwatin da ruwan randa mai sanyi. Ko da Ilyasu ya dawo, Hajiya ta tsuke, ta yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga Inna tana murmushi tana jiran godiya. Sai ya yi godiyar, ya zaga bayan ɗaki ya yi kukansa.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu a Jiratawa wajen abokin Ilyasu, Malam Maman Lawali, wanda ya ce amana ce amma ba ya mayarwa, da kifi ɗaya, abokin zamanta a akwatin, da aka ceto cikin bokiti.

Za a binne ta yau da yamma a gindin dogon yaro, kafin warin ya kai masallaci. Zaman makoki a shago ne, ba a gida ba, domin har yanzu Inna tana zaton barcin jin daɗi take yi. Duk wanda ya kuskure ya shigo gida, in ta miƙa masa ruwan randa, Ilyasu yana roƙonsa don Allah ya sha, ya yaba sanyinsa, ya kama bakinsa.