Ranar Da Hijabina Ya Yi Hayaƙi A Japan

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fitar da mutanen otal guda waje a ƙasar Japan ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina. Abin ya daɗe, yaran da na bari a gida lokacin yanzu duk sun fi ni tsawo, amma in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Muna zaune a Erdington ne a Birmingham, a shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kullum ka wayi gari ka ji an rufe wani abu. Cibiyar yara ta ƙaramar hukuma inda nake aiki ita ma aka rufe ta, aka ba mu furanni da kati aka ce Allah ya ba da sa'a. Gida ya koma kan aikin maigidana shi kaɗai, Abban Hanif, injiniya a wani kamfanin da ke ƙera kayan mota. Su ma can ana ta sallamar mutane. In ya dawo da yamma sai ya daɗe zaune cikin mota a ƙofar gida kafin ya shigo, ni kuma ina leƙensa ta bayan labule.

Wata rana ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ya ce in haɗa jaka, Japan za mu. Kamfaninsu na neman kwangila a hannun wani kamfanin can, shi da ogansa za su je. Mai kamfanin na Japan ya ce in an gama zaman ofis zai kai su hutun ƙarshen mako wani otal mai ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, kuma mai mata ya taho da matarsa.

"In contract ɗin nan ya faɗa mana, department ɗinmu ya tsira," ya ce. "In bai faɗa ba, sai dai addu'a. Abu ɗaya nake roƙon ki, Maman Hanif, mutanen nan suna da tsari sosai. Please, ki bi a hankali."

Na ji haushin wannan magana. Ni da na tashi a hannun kakata a cikin birnin Kano, a gidan da ko tafiya ba ka yi da ƙarfi, ni za a koya wa zama da mutane? Na ce masa ya ji da injinansa, ya bar mini harkar mutunci.

Muka kai yara Manchester wajen Yaya Hadiza, yayata. Da za mu taho ta danƙa mini kwalbar turaren wuta, haɗin Maiduguri na gaske, ta ce, "Tafi da shi, ɗakin otal duk warin ƙafar wasu yake." Na naɗe ɗan kaskona a cikin safa na tura ƙasan jaka. (Ban gaya wa Abban Hanif ba. Ba ɓoyewa na yi ba, kawai bai tambaya ba.)

Garin da aka kai mu a Japan yana can saman duwatsu, kada ku tambaye ni sunansa don ko a lokacin harshena bai iya shi ba. Amma har gobe ina kewarsa. Tituna ne 'yan tsukakku, gidajen katako tsofaffi sun jingina da juna, ganyen itatuwa ya yi ja, kogi yana gudu a tsakiyar gari, tururi na tashi daga kwatoci. Otal ɗin kansa tsohon gida ne. Ka cire takalmi tun daga zaure, ɗakuna shimfiɗe da tabarmar ciyawa, ƙofofi na takarda, katifa a ƙasa. A tsakiyar zauren akwai murhu da garwashi jajir, buta na rataye a samansa. Tsohuwar da ke da otal ɗin ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, ni ma na zube. Wallahi sai na ji kamar gidan kakata na shiga, har idona ya ciko.

Matsala ɗaya ce, wari. Tun daga mota na fara jin sa, warin ruɓaɓɓen ƙwai, a titi, a zaure, har cikin ɗakinmu. Na kalli fuskokin mutane, kowa na murmushi. Na ce a raina, Allah sarki, masai ne ya fashe musu a ranar manyan baƙi, kowa ya dake don kada tsohuwa ta ji kunya. Har tausayinta na ji.

Bayan azahar maza suka tafi wankan ruwan zafi. A nan Abban Hanif ya shiga tsaka mai wuya, domin wankan nasu tare ake shiga, kuma ba a shiga da komai a jiki. Ya ce musu yana jin jiri in ya shiga ruwa mai zafi. Ya fita ƙofar otal inda aka yi wani ɗan kwarmi na jiƙa ƙafa, ya naɗe wando ya zauna a nan, a bainar jama'a. Ni ko leƙa ɓangaren mata ban yi ba. Na yi sallar la'asar na zauna ni kaɗai a ɗaki, ni da wari.

Da magariba za a ci abinci da mai kamfanin, a nan ake sa ran jin inda maganar ta dosa. Na ɗauko rigar da Abban Hanif zai sa na shinshina. Ƙwai. Na ce a'a, ba da ni ba. Mijina ba zai zauna neman kwangila yana warin masan wasu ba.

Na ɗauki kaskona na sauka zaure. Babu kowa. A wajenmu ɗiban wuta ba ya buƙatar izini, sallama kawai ake yi, don haka na yi wa zauren sallama, na sa ƙarfen da ke gefen murhu na zaɓi garwashi masu kyau, na koma sama.

Kada ku ɗauka ban san zancen ƙararrawar hayaƙi ba. Duk Bahaushiyar da ta zauna a Ingila ta san ta. A gidanmu na Erdington kujera nake hawa in sa mata safa kafin in kunna turare (ban ce kowa ya gwada ba, ni ma na tuba). Na ɗaga kai na duba rufin ɗakin lungu-lungu, ban ga farin abin nan mai kama da murfin kwano ba, katako kawai na gani. Na ce tsohon gida ne, ina suka ga ƙararrawa? Na rufe taga don ƙamshi ya kama, na buɗe kwalbar Yaya Hadiza, na zuba da hannun wadda ba ita ta saya ba.

Hayaƙi ya turnuƙe, mai kauri, mai daɗi. Na riƙe rigar a samansa ina juyawa. Gaskiya zan faɗa, tun ranar da aka rufe mana wurin aiki ban ji ina da amfani kamar a wannan lokacin ba. Ga ni a bangon duniya ina taimakon mijina da abin da na iya. Har 'yar waƙa nake yi ƙasa-ƙasa.

Sai ƙara ta ɓarke. Ba irin kukan tamu ta gida ba, wannan gidan gaba ɗaya ya ɗauka, ga wata murya ta mace tana ta sanarwa da yarensu. Na ji gudu a barandar, ana buɗe ƙofofi, ana bubbuga tamu. Na zura dogon hijabina na salla, na ɗauki kaskon ta gindinsa na shigar da shi ƙarƙashin hijabin, na fita. In ana tambayata nakan ce ba zan iya barin wuta a kan tabarmar ciyawa ba ne. Ainihin magana, shaida nake son ɓatarwa. Akwai famfo a ɗakin, taku kaɗan daga inda nake, bai ko faɗo mini a rai ba.

A waje sanyi ne mai ratsa ƙashi, kuma kusan duk mutanen otal daga cikin ruwa aka fito da su. Ogan Abban Hanif, Bature mai jiki, ya yi jajir kamar an dafa shi, yana riƙe da wani ɗan tawul da bai kai mayafin jariri ba. Mai kamfanin, dattijo mai furfura, yana tsaye ba takalmi, tururi na tashi daga kansa. Na sunkuyar da kai na lallaɓa bayan mijina na tsaya.

Da farko har dariya ta so kama ni. Amma da na ga maƙwabta suna fitowa a guje da bokitai, tsofaffi maza da mata, 'yar motar kashe gobara tana kutsowa ta tsukakken titin, sai dariyar ta gudu. Duk layin katako ne. Gida ɗaya ya kama, garin ya tafi. Tsohuwa mai otal tana bin baƙinta ɗaya bayan ɗaya tana dubawa.

Kaskon kuwa ya fara ƙona ni. Na canja hannu. Turaren Maiduguri bai san ana cikin tashin hankali ba, aikinsa kawai yake yi. Hayaƙi ya cika hijabin, ya fara fita ta ƙasa. Na matse ƙafafu. Sai ya nemi hanya ta sama, ya biyo ta ƙarƙashin haɓata, ya shiga hancina da idanuna. Na danne tari iya ƙarfina, hawaye na zuba. Wata mata da ke gefena ta ja baya tana nuna ni da hannu.

Daidai nan ɗan kwana-kwana ya fito ya yi bayani, tafintan da ke tare da mu ya fassara: babu gobara, hayaƙi ne a ɗaki ɗaya, ɗakinmu. Kowa ya juyo. Abban Hanif ma ya juyo, ya kalle ni tun daga ƙasa har sama, ina tsaye ina tashin hayaƙi kamar tukunyar dambu. Ya shaƙi ƙamshin, ya rufe ido. Ya gane.

Na jira faɗa, ko a ƙalla harara. Sai ya taka gaba, wando a naɗe har gwiwa, ƙafafu jiƙe, ya sunkuya irin yadda suke yi, ya ce da Turanci shi ya kunna turaren, laifinsa ne, matarsa ɗauko shi kawai ta yi don ta ceci gidan. Tafinta ya fassara da fuskar da ba ta nuna komai. Mutumin da duk garin ya gani zaune a ƙofar otal tun azahar yana jiƙa ƙafa! Ana cikin haka tarin da nake dannewa ya ƙwace, wani gajimaren hayaƙi ya fito ta wuyan hijabina.

Tsohuwar ta tako har gabana. Ta ɗaga gefen hijabin a hankali, ta karɓi kaskon da hannu biyu kamar kyauta na kawo mata, ta miƙa wa ɗan kwana-kwana, ya zuba masa ruwa. Har yau ina jin wannan ƙarar, cuuu.

An ci abincin, kuma babu wanda ya ta da zancen, abin da ya fi zagi ciwo. (Rigar dai ta yi ƙamshi, wannan ba mai musu.) Da muka koma ɗaki na ce ai warin masan nan ne ya ja, sai ya ce, "Wane masai? Farar wuta ce a cikin ruwan, Maman Hanif. Wannan warin shi mutane ke tasowa daga ko'ina su zo nema." Da safe na sami tsohuwar na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta bakin tafinta ta ce takardun ƙofar ɗakin za su daɗe suna riƙe da ƙamshin. Ko yabo ne ko ƙorafi, ban sani ba har yanzu.

Ba a samu kwangilar ba. Bayan 'yan watanni aka rufe sashensu, Abban Hanif ya dawo gida da kayan teburinsa a kwali. Bai taɓa ambatar Japan ba, ko da wasa, ni kuwa abin yana cin raina kullum. Sai da ya sami wani aiki a Manchester, muna ɗaure kaya da rana tsaka za mu bar Erdington, na kasa daurewa. Na ce, "Abban Hanif, don Allah ka gaya mini gaskiya, ni na ja maka?"

Ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya yi dariya har ya zauna a kan katifa. "Whole department suka rufe, har da shi ogan. Price ɗinmu ne ya yi tsada. Turarenki yana da ƙarfi, amma bai kai ya rufe kamfani ba."

"To me ya sa ka ce kai ne, alhali aikinka na kan siraɗi?"

"Aiki ana samun wani," ya ce. "Ke kuwa na ga yadda kike tsaye a wurin nan ke kaɗai. Abin da ya ba ni haushi kawai, ina tsaka da rantsuwa ke kina ta fitar da hayaƙi."

Na yi kuka, na yi dariya, ya miƙo mini tsumman goge kwanuka na share fuska. Ban taɓa son sa kamar ranar ba, a tsakiyar kwalaye, ba mu san abin da ke jiran mu a sabon gari ba.

Abin da na koya dai shi ne, in kin je garin mutane hancinki ya ji abin da bai so, tambayi tukuna, ta yiwu shi suke sayarwa. In kuma Allah ya ba ki mijin da zai tsaya a gaban ogansa ya yi ƙarya don ya rufa miki asiri, ki taimaka masa ki ajiye kaskon.