Suman da Na Yi Ranar Talata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tura ni cikin baron nama ta tsakiyar kasuwar Mafara ba, ina kwance shame-shame kamar cinyar bijimi, ƙudaje na yi mini rakiya. Ko na so in manta ma, mutanen garin nan sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba.

Mu asalinmu mutanen Maradun ne. Babana mahauci ne, tun kafin a haife ni yake fawa, kuma a can babu wanda bai san teburinsa ba. Idan ya yi dariya a kasuwa, Inna na iya ji daga gida ta ɗora tukunya (to, na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan). Da hanya ta lalace, shanu suka daina shigowa kamar da, sai muka kwashe komatsanmu muka dawo Talata Mafara, muka kama haya kusa da hanyar kwata, inda ake yanka.

Ni ban daɗe ba na saba. Na yi abokai, na yi abokan faɗa, har malamin lissafi ya haddace sunana. Inna ma ta saba da matan unguwa. Baba ne ya kasa.

A al'adar fawa, baƙon mahauci ba ya zuwa kawai ya kafa tebur. Sai ya je ya gai da Sarkin Fawa, ya faɗi daga inda ya fito, a nuna masa wuri. Tafiyar ba wata tafiya ba ce, akuya ma za ta yi ta ta dawo kafin a kira sallah. Amma kullum Baba sai ya ce gobe. Wuƙaƙensa na naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gado. Ya daina dariya, ya daina barcin kirki, in aka kawo tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. Cokali ya faɗi, faɗa. Kaza ta yi kuka, faɗa. Daga masallacin ƙofar gida sai ɗaki, kafin maƙwabta su gama "ina gajiya" ya shige. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Wata rana na shiga na tarar yana share ido, ya ce hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba a gidan. Ranar ban yi tsokanar kowa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi.

Wata maƙwabciyarmu ta gaya wa Inna cewa akwai likita a asibiti da ke ganin masu irin wannan damuwa. Inna ta jira Baba ya idar da sallah, ta durƙusa.

"Malam, da ka tahi an duba ka. An ce akwai likitan da ke sauraron masu damuwa."

"Masu damuwa ko mahaukata? Kin gan ni ina tsintar leda bisa titi?"

"Ba haka nike nuhi ba."

"To ki bar zancen ga."

Aka bar zancen. Ni ne ban bar shi ba. Na zauna na yi tunani irin na manyan masana: Baba ba zai je asibiti don kansa ba, amma zai je don ni. Da mun shiga, sai in raɗa wa likita, "Ga marar lafiyar nan a tsaye." Shi ke nan. Har na fara tunanin irin godiyar da za a yi mini.

Na fara da ciwon ciki. Na riƙe ciki ina murƙususu a tsakar gida, ina nishi kamar injin markaɗe. Baba ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "A ba shi kanwa." Inna ta jiƙa kanwa ta tsare ni sai da na shanye. Ciwon da na yi na ƙarya da safe, da rana sai ga shi na gaskiya, na wuni ina sintiri tsakanin ɗaki da bayi.

Sai na ga ciwon ciki ƙaramin aiki ne. Suma ya kamata. Na yi ta gwaji a ɗaki, ina faɗuwa a kan katifa, har na gwanance wajen juya ido. Abin da ban lissafa ba shi ne ranar da na zaɓa. Talata ce, ga shi ana hutun makaranta. Duk wanda ya san Mafara ya san Talata ba ranar yin abin kunya ba ce, domin duniya gaba ɗaya tana kasuwa: mutanen Bakura, mutanen Morai, har da mutanenmu na Maradun.

Na fita ƙofar gida da hantsi, na duba inda yashi ya fi laushi, na ce "wayyo" daidai yadda za a ji a ciki, na zube.

Ni a tsarina, Baba zai fito, ya tsai da ɗan kabu-kabu, mu tafi cikin mutunci. Amma kafin Baba ya fito, unguwa ta fito. Wata ta sheƙa mini ruwan randa. Wata ta tura mini albasa a hanci. Wani dattijo ya ce a kwance mini mazagin wando in sha iska, aka kwance (ku riƙe wannan, zai dawo). Wani kuma, wanda har yau nake nema, ya ce mari ne maganin suma, ya kuwa ba ni magani har sau biyu. Na daure. Na ce a raina, duk don Baba ne.

Sai na ji muryar Baba a kaina. "Mi ya same shi? Ku ba ni wuri." Ya tallabo kaina. Yana ta kiran sunana. A nan kam na ji kunya ta gaske, har na so in buɗe ido in ce wasa nake. Amma aiki ya riga ya yi nisa.

Babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya, duk suna kasuwa. Sai ga wasu mahauta sun fito daga kwata da baro, za su kai kaya tebur. Babbansu, wani tsoho mai farin gemu, ya ce, "Ku sauke naman, ku ɗora yaro." Suka sauke naman, amma suka bar kan bijimin da aka yanka da ƙafafuwansa, wai babu inda za a ajiye. Haka aka kwantar da ni, kuncina a jikin kuncin sa, ni ido rufe, shi ido buɗe.

Kuma hanyar asibiti mafi kusa ta cikin kasuwa take.

Ina jin komai. "Ɗan wa ne?" "Ɗan mahaucin nan na Maradun." "Allah sarki, ya cika?" "Da saura." Wata mata ta ce da ma jiya ta gan ni ta ga alamar ba zan daɗe ba. Na ji muryar 'yan ajinmu, har da wata yarinya da nake gyara tafiya in na hango ta (ba zan faɗi sunanta ba, ta sha wahala isasshiya). Baron na faɗawa rami, kaina na buga ƙaho. Wani ƙuda ya sauka a kan hancina ya kafa gida. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, daga baya na ɗan hure shi da baki, a hankali, yadda na tabbata babu wanda ya gani.

A asibiti aka ɗora ni a gado. Nas ta kama hannuna, ta ɗaga fatar idona. Sai na ji ta ce, da wata murya mai daɗi, "Wannan sai babbar allura. Miƙo mini waccan, ta ƙasan."

Na buɗe ido ɗaya. Jama'a, ni dai abin da na gani ya yi kama da tsinken tsire.

Ban san lokacin da na dira daga gadon ba. Na nufi ƙofa da gudu, na yi taku biyu, wandon da aka kwance wa mazagi ya tuna ba a ɗaure yake ba. Ya sauka har idon sawu, ya harɗe ni, na kife a gaban mahauta, da masu jinya, da 'yan ajinmu da suka biyo baro don su ga ƙarshena. Wani daga baya ya ce, "Gawa ta tashi." Na miƙe, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan na nuna Baba, bakina ya saki abin da na shirya faɗa a asirce:

"Ni lafiyata lau. Baba ne ba shi da lafiya. Ba ya ci, ba ya barci, kuka yake yi."

Baba na tsaye ba takalmi, ƙafafunsa duk ƙura. Ya dube ni, ya dubi mahautan nan da ya kwashe watanni yana kauce wa haɗuwa da su, ya sunkuyar da kai. Faɗuwar wando ba komai ba ce a kan wannan. Na tona wa mahaifina asiri a gaban 'yan sana'arsa, na kuma san in ya juya ya tafi yanzu, ba zai ƙara fitowa ba.

Sai wani likita da ke tsaye a bakin ƙofa ya matso, ya miƙa wa Baba hannu kamar bai ji komai ba.

"Ranka shi daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya muka ji da wanga yaro? Shigo daga ciki mu yi shawarar yadda za a yi da shi."

Baba ya bi shi. Aka rufe ƙofa, aka bar ni a benci ina ɗaure mazagi, tsohon nan mai farin gemu na zaune kusa da ni yana kallona kamar yana kimanta nauyina.

Sun daɗe. Da aka kira ni, idon Baba ya yi ja, amma kafaɗunsa sun sauko. Likita ya ce Baba ya yarda a yi mini bayani, tunda ni na jawo taron.

Ya ce abin da ke damun Baba ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma raunin imani ba. Idan babban sauyi ya faɗo wa mutum, kamar ƙaura, ko rasa sana'a, ko ritaya, ko rabuwar aure, wani sai zuciyarsa ta kasa sabawa. Damuwar ta fi ƙarfin abin da aka saba gani, ta hana shi ci da barci da aiki da shiga mutane. Manya ma na kamuwa, har waɗanda ake ganin ba abin da ke girgiza su. Ya ce yana warkewa, kuma babban maganinsa magana ce: Baba zai riƙa zuwa suna zama, ya faɗi abin da ke cinsa, su tsara yadda zai koma harkokinsa kaɗan-kaɗan. Ƙwaya sai in barcin ya ƙi daidaituwa, ita ma na ɗan lokaci. Mu kuma a gida mu daina tafiya da sanɗa kamar ana zaman makoki, mu riƙa cin abinci tare da shi, mu saurare shi in ya yi zancen Maradun. In kuma muka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada mu jira, mu kawo shi nan take.

"Kai kuma," in ji likita, "wani karon ka zo da ƙafarka ka gaya mana. Ba sai ka mutu ba."

Da muka fito, tsohon nan ya miƙe. Sai a lokacin na ji wani ya kira shi Sarki. Ashe Sarkin Fawan da Baba ya kasa zuwa gaisarwa ne ya turo ni a baro tun daga unguwa. Baba ya rage tsawo, suka shiga gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina mutanen Maradun, yaya baƙunta, kamar ba za su gama ba.

"Mun ji labarin zuwanka tuni," in ji Sarki. "Muna ta jira. Ni da na bar Bakura na zo garin ga, sai da na yi damina guda ban san daɗin tuwo ba. Akwai wuri kusa da nawa. Ran da ka shirya, ka taho."

Ba washegari Baba ya warke ba, kada in yi muku ƙarya (na yi isasshiya). Ya yi ta zuwa wurin likita. Aikin farko da aka ba shi, ya fita kowace safiya ya gaisa da mutum ɗaya har ƙarshen gaisuwa. Daga nan ya fara zuwa kwata yana kallo kawai. Wasu ranakun ya koma ɗaki ya yi shiru, mu ma mu zauna tare da shi. Sai wata safiya na farka da wani sauti da na manta da shi, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Baba ne a tsakar gida yana wasa wuƙa, Inna na tsaye a bakin madafa tana yi kamar ba kallonsa take ba.

Yanzu teburinsa na nan kusa da na Sarki, kuma dariyar ta dawo. Matsalar ita ce, yawancinta a kaina ake yi. Duk kasuwa Gawa suke ce mini. Har daga Maradun an zo yi wa Inna ta'aziyya, aka tarar da ni ina cin ɗumame. Hukuncina kuwa, ni ke wanke baron nan duk ranar da babu makaranta.

Rannan ina wankewa na ce, "Baba, amma dai ka yarda na iya suma."

Ya ce, "Da hwarko ka tsorata ni. Amma tun gaban masu tumatir na gane. Na ga bisashe da yawa sun suma, ban taɓa ganin wadda ta hure ƙuda ba."

"To don me ba ka tsai da baron ba?"

Ya ci gaba da yankan tsoka, bai dube ni ba. "Na riga na hito. Na ce bari in ƙarasa."

Don haka in kuka ji ana cewa likita ne ya warkar da Baba, ban musa ba, ya yi ƙoƙarinsa. Amma a tambaya a ji wa ya kai masa marar lafiyar. Abin da na koya dai shi ne, in babba a gidanku ya yi shiru ya daina ci, a nemo masa mai sauraronsa tun da wuri, ta ƙofar gaba. In kuma dole sai ka suma, to ka duba ranar, kada ta zama Talata, kuma kada ka yarda kowa ya taɓa maka mazagi.