Wakilin Kifaye

A ƙasar Tudun Ɓauna ruwa daga sama yake gangarowa, haka ma hukunci. Sarki Ɓauna da fadawansa suna bisa tudu, gonakin Gyado Sarkin Noma a tsakiya, kifaye kuwa can ƙasa cikin tafki. Da yake kifi ba ya hawa tudu, majalisa cikin adalcinta ta naɗa musu Zalɓe wakili.

Tun kaka da kakanni ciyawar jema ke tsaye tsakanin gona da tafki, tana tare duk abin da ruwan sama ya kwaso. Wata shekara Gyado ya ga asarar fili ce, ya nome ta tas, ya jibge takin barga har gaɓa. Gero ya yi kyau. Ruwan tafki kuwa ya koma kore, gansakuka ta rufe shi, kifaye suka riƙa tasowa suna hangame baki.

Tsohuwa Kififiya, wadda ƙafa ta ba ta abin da ta hana maƙwabtanta, ta rarrafo har fada a tsorace.

"Ranka ya daɗe, takin da gona ta kasa cinyewa mu muke shan sa. Numfashi ya ƙare a tafki. A bar jema ta tsiro, ko da taku biyu ne."

Gyado ya tashi ya gyara murya. "Allah ya ba ka nasara, abin da ya ƙosar da gero ta yaya zai kashe kifi? Kore ai launin albarka ne."

Sarki ya dubi wakili. Zalɓe, wanda wuyansa ya yi kauri a bana, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin jama'ata cikin walwala haka ba. Da ɓuya suke yi in sun hango ni. Yanzu kowa sai ya taso ya gaishe ni."

Aka yi tafi, aka ba Gyado ɗaya gaɓar.

Da rani Zalɓe ya dawo fada a rame, yana jan ƙafa, ya faɗi yana kuka cewa taki ya kashe tafki. Majalisa ta girgiza ƙwarai, amma ita ba ta hukunci da jita-jita. Ta umarce shi ya kawo kifi ɗaya mai rai ya ba da shaida.

Har yau ana jiran sa.