Dusar Ƙanƙara a Garejin Alhaji Barau

Ni ne bakaniken garejin Alhaji Barau da ke Funtuwa. Shekara ashirin da biyu ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocinsa, saboda haka wannan labari ba a teburin mai shayi na tsince shi ba, a gabana aka yi.

Alhaji yana da manyan motoci tara masu kai masara Sakkwato da Illela su dawo da albasa. Yana kuma da wani ɗa da yake ji da shi, Nazifi, wanda ya tura Kanada karatu. Yaro ya shekara huɗu ya dawo da takarda mai tambari, da wata rigar sanyi mai gashi a wuya, da "a can ba haka ake yi ba" a bakinsa. Da ciwon gwiwa ya zaunar da Alhaji a gida, sai ya ɗauko yaron ya ɗora mana, ya ce daga yau shi ne Manaja. Ni ban ƙi Nazifi ba, da ni aka ci naman sunansa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda bai taɓa kwance taya ba ya tsaya a kaina yana nuna mini yadda ake riƙe sifana.

To, a bana aka ɗauki sababbin direbobi huɗu, cikinsu har da Haladu. Shi Haladu ɗan gida ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana bin mota, yana ɗaure tamfol, yana dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ga mata ga 'ya'ya biyar. Da ƙyar da siɗin goshi ya samu lasisi, kuma ran da ya same shi babu gidan da bai shiga da shi ba a unguwarsu. Tun kafin ya riƙe makulli yaran layinsu suka fara kiransa Direba, shi kuma yana amsawa.

Motar da aka ce za a ba shi ita ce wadda muke kira Gwaggo, don ta girmi kowa a garejin ban da ni da Baba Nalado, tsohon direban Alhaji. Injin Gwaggo lafiya lau, amma birkinta sai addu'a. Iska ce ke zurarewa. Sai ka taka sau uku, a na huɗu ta tsaya ta yi shawara. Sau uku ina rubuta takarda ina kai ofis a sayo kayan birki, sau uku Manaja yana ce mini za a duba. Alhaji kuwa bai san ana yi ba, don komai a teburin ɗansa yake tsayawa.

Ana nan sai Manaja ya fito da sabuwar doka. Ya ce babu sabon direban da zai taɓa makulli sai ya yi kwas na kwana uku ya ci jarrabawa. Wanda ya faɗi, ya koma bayan mota sai baɗi. Muka ce wannan ai abu ne mai kyau, gara a koya musu. Ba mu san littafin da ya taho da shi daga can ne zai koyar ba, wanda ya sa wani malamin makaranta ya juya masa zuwa Hausa. A bangon an rubuta: Yadda Sabon Direba Zai Tuƙa Babbar Mota a Lokacin Sanyi.

Wannan fa a tsakiyar bazara ne, watan Afrilu, lokacin da in ka ajiye sifana a rana ba ka sake ɗaukarsa da hannu. Aka tara mu a rumfar kwano, sababbi huɗu a benci na gaba, ni da Baba Nalado a baya, wai mu ma mu ƙaru. Aka tayar da janareta, aka kunna majigi a jikin farin zane. Sai ga hoton wata hanya fara fat, da wata mota ta nutse har gindin ƙofa.

Manaja ya nuna da sanda ya ce, "Wannan ita ce babbar abokiyar gabar direba. Sunanta dusar ƙanƙara."

Baba Nalado ya cire goro daga baki ya ce, "Manaja, dusa ka ce? Shanu na ci?"

"Ba irin wannan dusar ba ce, Baba. Daga sama take zubowa."

"Ikon Allah. Su har dusa daga sama ake sauko musu."

Manaja ya yi kamar bai ji ba, ya wuce shafi na gaba. Ya ce kowane direba ya riƙa tafiya da bargo biyu, da safar hannu, da shebur na haƙe mota. Ya ce da safe a bar inji ya yi minti goma yana ɗumama kafin a tashi. Ni da na wuni jiya ina ɗura wa lagireton Gwaggo ruwa tana tafasa, na sunkuyar da kai. Ya ce akwai wata muguwa da ake kira baƙar ƙanƙara, wadda ke kwanciya a kan kwalta ido ba ya ganinta.

Baba Nalado ya ce, "Wannan kam muna da ita. Shekara arba'in ina bin hanyar nan, ban taɓa ganinta ba."

Aka fashe da dariya, ban da Haladu. Shi rubutu kawai yake yi a wani littafin 'yarsa na makaranta, gumi na ɗiga a kan takardar yana sharewa da gefen hannu.

A rana ta biyu aka zo kan gishiri. Manaja ya ce a can hukuma ce ke bin titi tana barbaɗa gishiri don ƙanƙara ta narke. Baba Nalado ya ce in aka yi haka a nan, kafin azahar awakin Funtuwa sun lashe kwaltar har ƙasa. Ana cikin haka sai ga mai a-kori-kura ya shigo da wani katon akwatin katako, mutum huɗu suka sauke shi da nishi. Zuciyata ta yi fari. Na ce alhamdu lillahi, kayan birki sun iso, ashe na zalunci yaron nan. Na ɗauko guduma na ɓalle murfin da kaina. Sarƙoƙi ne, manya-manya, cike da akwati.

Na ce, "Manaja, wannan fa?"

Ya ce, "Sarƙar taya ce, Malam Shitu. Ita ake naɗa wa taya don kada ta yi santsi a kan ƙanƙara. Daga Legas na sa aka kawo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye gudumar a hankali, don na san halina.

A nan ne Haladu ya ɗaga hannu, karo na farko tun da aka fara. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Duk abin da littafin nan ya faɗa, daga ƙarshe sai ya ce a taka birki. To, ita Gwaggo da za a ba ni, yaushe za a gyara nata?"

Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ba ya cikin darasi. In lokacinsa ya yi za a gyara. Kuma bari in gaya maka, Haladu, direban da ke kawo ƙorafi tun bai hau mota ba, ban ga alamar zai hau ba. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da aka tashi na ja shi bayan tankin ruwa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Shekara goma sha huɗu kana jira, saura kwana ɗaya za ka ɓarar? Ka ja bakinka ka karɓi makullin nan tukuna. Ni zan san dabarar da zan yi mata ta ɗan riƙe."

Ya ce, "Malam Shitu, in na faɗi jarrabawar nan da wane ido zan shiga unguwa? Amma kuma in na hau ta haka, wa zai riƙe mini yara?"

Na ce ya je ya yi hadda.

Ya kuwa yi. Washegari da safe na same shi a gindin darbejiya yana rangaji yana maimaitawa: bargo biyu, safar hannu, shebur, tazarar mota goma. Ko sallamata bai amsa ba.

Ranar jarrabawa sai ga Alhaji da kansa, an kawo shi a mota yana dogara sanda, ya zo ya ga abin da karatun ɗansa ya haifar. Aka sa masa kujera a gaba kusa da fanka. Manaja kuwa, don a san da gaske ne, ya sanyo rigar nan mai gashi a wuya. Aka jera makullai huɗu a kan tebur. Uku na farko suka zo ɗaya bayan ɗaya, suka zuba abin da suka haddace, kowa ya durƙusa ya karɓi nasa. Saura makullin Gwaggo, mai ɗaure da jan zare. Aka kira Haladu.

Manaja ya ce, "Me direba zai ɗauka kafin ya kama hanya?"

"Bargo biyu, safar hannu, shebur, da shayi mai zafi a fulas."

Alhaji ya ɗan kalli fankar, ya kalli ɗansa.

"Tazara nawa za ka bari tsakaninka da na gabanka?"

"Ta mota goma, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ga ta ƙarshe, in ka ci makulli naka ne. Ka ɗauko masara, ka wuce Gusau, kana gab da shiga Talatar Mafara, sai dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya. Ga garken shanu yana tsallakawa a gabanka. Me za ka yi?"

Haladu ya ce, "Ba zan firgita ba. Zan riƙe sitiyari da hannu biyu, in rage giya, sannan in taka birki a hankali har mota ta tsaya."

Manaja ya tafa hannu ya juya wajen mahaifinsa. "Ka gani, Baba? Kalma ɗaya bai bari ba." Ya ɗauko makullin ya miƙa wa Alhaji don ya bayar da hannunsa. Haladu ya durƙusa, ya tara hannu biyu. Na ga idonsa ya ciko.

Sai Baba Nalado, daga can baya, ya ce kamar mai magana da goronsa, "Da wane birkin?"

Alhaji ya tsaya da makullin a sama. "Me ka ce, Nalado?"

Manaja ya yi wuf ya ce, "Ba komai, Baba, ɗan ƙaramin abu ne, yana cikin tsari."

"Ba kai na tambaya ba." Alhaji ya juyo ya kafe Haladu da ido. Shi ma fa tsohon direba ne, da kwancen tipa ya fara. Ya ce, "Kai Haladu, kai za ka tuƙa, kai za ka faɗa mini. Ka ce za ka taka birki mota ta tsaya. Gwaggo tana da birkin da za ka taka, ko ba ta da shi?"

In Haladu ya ce babu, ya tona Manaja a gaban ubansa, kuma gobe Alhaji yana gida, Manaja ne a ofis. In ya ce akwai, ya yi ƙarya a gaban mai gida, ya kuma ɗauki Gwaggo yadda take. Manaja ya zuba masa ido, gumi na bin gashin rigar nan. Makulli na lilo a jan zarensa, taƙi ɗaya tsakaninsa da tafin Haladu.

Haladu bai janye hannunsa ba. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara muku lafiya, Alhaji, ai tambayar Manaja ta ranar da ƙanƙara za ta sauka a Mafara ce. Kafin ran nan, in sha Allahu, ya gyara."