Bunsurun da Ya Gyara Mini Zanen Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bunsuru ya tozarta ni a gaban dattawan Bagudo ba, ina sanye da farar shaddar da na ɗinka musamman don a yaba mini.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Birnin Kebbi ba, inda na yi shekara huɗu ina koyon walda. Na kafa 'yar rumfata a bakin hanyar Illo, amma wata uku babu abin da ake kawo mini sai karyayyar kujera da salansar babur. Baba ya gaji. Ya ce, "In damina ta faɗi ba ka samu aikin kirki ba, ka rufe rumfar ga, ka biyo ni gonar shinkafa." (Ni kuwa da in nutse a taɓo har gwiwa, gara hasken walda ya cinye mini ido.)

Ana nan sai ga Alhaji Mamman, mai babban lambun mangwaro da gwaiba a bakin fadama. Ya ce ƙofar ƙarfe yake so, irin wadda mai wucewa zai tsaya ya kalla. Na ce a raina, Alhaji ka zo gidan! Dama na taɓa tsallakawa Benin wajen wani abokina a Kwatano, na cika wayata da hotunan ƙofofin masu hali na can. Na zauna na zana abina: jinjirin wata a sama, rassa masu lanƙwasa a tsakiya, a ƙasa kuma manyan zobba a jere, kowanne da fure a gefensa.

Ina cikin lanƙwasa rodi sai Baffa Sambo ya tsaya. Makiyayi ne, rugarsa na bayan lambun. Ya zura dunƙulen hannunsa cikin zobe ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Ɗana, wanga zobe kan akuya na shiga, ƙaho kau ba ya fitowa."

Na ce, "Baffa, wannan yayin Kwatano ne fa, ba shingen ruga ba."

Ya yi murmushi, ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya wuce. (Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in mari bakina.)

Ranar Juma'a bayan La'asar Alhaji ya tara abokansa su sha mangwaro su ga ƙofa. Baba ma ya zo, ya rakuɓe a gefe. Ni kuwa na tsaya ina zuba bayani, hannu ɗaya a aljihu, ina cewa ko a Sakkwato sai an tona kafin a ga irinta. Ban rufe baki ba wani baƙin bunsuru mai gemu, mai warin da ke riga shi isowa, ya ratso tsakiyar mutane. Ya hango salak a cikin lambu daf da ƙofa. Ya karkata kai, ya zura ta zobena sumul, ya ci abinsa. Da ya ja baya, ƙaho ya ce bai san zancen ba.

Wayyo! Ya ɓarke da kuka, yana fizga, ƙofa na girgiza kamar za ta tashi. Na ruga na cafke ƙafafunsa na baya ina ja. Ya saki fitsari a kan shaddata, ya kai mini harbi a ciki, sai ga ni rigingine a cikin kwatar ban-ruwa, hula can, takalmi can. Dattawa suka yi ta dariya har wani ya ƙware da mangwaro.

Alhaji ya share hawaye ya ce, "Malam mai walda, ƙofa nac ce ka yi min ko tarko?"

Da hannuna na sa zarto na yanke zoben da na fi so, bunsuru ya fice ko waige babu. Da na ɗago, Baba ya riga ya tafi. Wallahi wannan ya fi fitsarin ciwo.

Washegari da sassafe na nufi ruga, na durƙusa na ce, "Baffa, na yi rashin kunya, a yi mini aikin gafara. A koya mini." Bai ja zancen ba. Ya kamo 'yar akuya mafi ƙanƙanta a garkensa, ya nuna mini goshinta, ya ce kada tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya wuce yatsu uku. Ya ɗaga reshe sama, wata babba ta miƙe a ƙafa biyu, ya sa sanda ya auna inda bakinta ya kai. "Daga nan zuwa ƙasa na akuya ne," in ji shi. "Daga nan zuwa bisa, yi kwalliyarka."

Kwana biyar na yi ban kalli hotunan wayar nan ba. Ƙasan ƙofa na jera rodi a matse kamar ganyen albasa, suka miƙe tsaye, sai da suka wuce ma'aunin Baffa suka buɗe suka yi fure. A sama na ɗora zangarniyar shinkafa tana sunkuyo. Ni kaina da na ja baya na kalla sai da na ce, kai!

Ranar gwaji na sa aka ajiye damin harawa a ciki, Baffa ya koro awakinsa duka, har da abokin gabata mai gemu. Suka shinshina, suka tura hanci, suka dafa, suka yi ta kuka. Ko ganye ɗaya babu wadda ta samu. Bunsuru ya tsaya ya kalle ni, ni ma na kalle shi ido cikin ido, wannan karon shi ya fara sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce, "To, yanzu ka yi ƙofa!" Sai da muka kama hanyar gida Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Lambun albasarmu ma na son irinta." Daga ranar bai sake yi mini zancen taɓo ba.

Yanzu daga Lafagu da Kurgu ake kirana, kuma da idona na ga wani direba daga Benin ya tsayar da mota yana ɗaukar ƙofata hoto. Sunan "Mai Bunsuru" dai ya bi ni, na haƙura, har na rubuta shi a allon rumfata. Duk wanda ya zo ya nuna mini hoton ƙofa a waya, sai in ce ta yi kyau, amma ya dakata tukuna mu je mu ji ta bakin akuya.