Bokitin Ruwan Zafi a Khumra

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a a unguwar Khumra ba, ko da na so in manta. Lokacin ina dako a wani sito a Jidda, mu shida a ɗaki ɗaya, ni kaɗai ne Bahaushe. Sai in wuni ban ce wa kowa komai ba in ban da "yalla" (mu je) da "halas" (shi ke nan). Matata tana can Gusau, waya ma sai an yi sa'a.

Maƙwabcin gadona wani Ba'indiye ne, Ramesh, mai bin addinin Hindu. Ya taɓa nuna min hoton wani marmaro a kan duwatsun ƙasarsu, ƙanƙara ko'ina amma ruwan na tururi. Ya ce masu ziyara sai sun yi wanka a ciki kafin su shiga wurin bautarsu. Na gyaɗa kai kawai, na ci gaba da cin burodina.

Ranar na tashi da zazzaɓi, jikina kamar an daka ni a turmi. Na ja ƙafa zuwa banɗaki, sai ga bokiti cike da ruwan zafi, har da 'yan furanni a sama. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Rabon da wani ya ɗora min ruwan wanka tun ina gida. Na ce ashe an lura ba ni da lafiya! (Furannin ma ba su sa na yi tunani ba. Na ɗauka haka Indiyawa ke jinya.)

Na saɓe jikina tas, na kwarara har ɗigon ƙarshe, har da 'yar waƙata. Ina buɗe ƙofa sai ga Ramesh tsaye, farin ƙyalle a kafaɗa, 'yar kwalba ba komai a ciki a hannunsa.

"Shukran, abokina! Allah ya saka!" na ce, ina washe baki.

Ya leƙa bokitin, ya dube ni. Cikin gurgun Larabcinsa ya ce, "Ruwan marmaron nan ne, mahaifiyata ta aiko min. Yau babana ya cika shekara da rasuwa, kafili, ubangidanmu, ya hana ni tafiya gida. Duka na juye a ruwan bokitin nan, don in yi wankan ibada."

Ga ni tsaye da tawul a ƙugu, ruwan mutane na ɗiga daga gemuna, 'yan ɗaki sun zuba min ido. Duk wata kalmar ban haƙuri ta gudu ta bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai... akwai saura a jikina."

Ramesh ya zauna a bakin gado ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban san ko dariya yake ko kuka ba. Can ya miƙe, ya shafa jiƙaƙƙen kaina, ya shafa a goshinsa. "Halas," ya ce. "Zazzaɓin fa?"

Ni dai na ɗauki darasi: in kaɗaici ya ci mutum, duk alherin da ya gani sai ya zaci nasa ne. Yanzu ko shayi aka dire a gabana, sai na tambayi na wane ne.