Ranar da Dutse Ya Amsa Mini

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙwanƙwasa dutse ya amsa mini ba. Ni fa mayen duwatsu ne, a waya na koyi komai (ɗakina cike yake da tsakuwa, Inna har ta gaji da sharewa).

Kawu Sale, ƙanin Inna, ya samu kwangilar huda wani tudu wajen Fagam don ruwa ya ratsa zuwa gonakin rani. Da aka ba shi aikin, cewa aka yi marmara ce a ciki. Ana yin nisa aiki ya cije. Kawu ya ce zallan dutse ne, a ƙara masa lokaci. Masu aikin suka ce lalaci ne, za su ƙwace kwangilar. Aka turo wata injiniya daga Birnin Kudu ta raba gardama.

Ni na cusa kaina. "Kawu, ka bar ni da ita, yau za ta sha bayani."

"Kai dai kada ka ba ni kunya, Malam Tsakuwa."

A waje rana tsaka ce, a cikin ramin kuwa duhu, ga sanyi, ga ɗigar ruwa da ba ka ganin inda take fitowa. Muka kai ƙarshe. Na gyara murya na ce, "Hajiya, marmara ba ta ƙara, dutse kuwa saurari!" Na ɗaga guduma na buga. Ƙwal, ƙwal.

Shiru.

Sai daga can cikin dutsen: ƙwal, ƙwal.

Wallahi ban san lokacin da na yar da gudumar ba. Na bangaje Kawu, na bar takalmi ɗaya, ina gudu ina addu'a da ƙarfi (daga baya aka ce addu'ar cin abinci nake ta yi). A bakin ramin suka same ni rungume da baro.

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. "Masani, ba ta gefe biyu ake huda tudun ba? Leburorin ɗaya gefen ne. In an buga, sai su amsa, don a san an saita hanya." Ta juya ga Kawu. "Amma Alhaji ka yi gaskiya. Da marmara ce, bugun ba zai iso haka tangaram ba. Za a ƙara maka lokaci."

Da muka zagaya ɗaya gefen, ni da Kawu, zai yi wa leburorin godiya, mai gadi kaɗai muka tarar. Ya ce, "Wane bugu? Ai tun safe duk sun tafi jana'iza Dingaya."

Kawu ya dube ni, ya ce a hankali, "In ka gaya wa Hajiya, ba ni ba kai."

Har yau ina son duwatsu. Amma yanzu sai na yi sallama kafin in ƙwanƙwasa, takalmin kuma na bar wa mai gidan.